Ƙofa Biyu, Alli Ɗaya

Na daɗe da yin imani cewa ƙasa ba daga gidan gwamnati take lalacewa ba. Daga aji biyu take lalacewa, ranar da aka ƙyale yaro ya rubuta harafi a karkace aka ce masa ya yi ƙoƙari. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, shida daga ciki ina haɗa littafin koyon kyawun rubutu. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun dawo, kowa da abin da zai gyara ƙasa da shi. Ni nawa shafi tamanin da huɗu ne, a jakar leda.

Ina haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaki shida a jere, kowace ƙofa tana kallon layi. Ta kusa da tawa ta Madam Saratu ce, 'yar Kudancin Kaduna, mai buga tafireta a wani ofis. Sau uku ta buga mini gabatarwar littafin, don ina ta canja ra'ayi a kan waƙafi. Mahaifinta, Baba Yohanna, ya zo wurinta jinyar ƙafa. Ba ya takawa sai da sanda da kafaɗar mutum.

Ranar da abin ya faru, bakwai saura kwata na fito. Baba yana kan tabarma, rediyo a cinya. Ya ce, "Malam sarkin alli, yau ɗan wa za a zane?" Na ce duk wanda ya haura layi. Muka yi dariya, na wuce.

Goma da rabi hedimasta ya kaɗa ƙararrawa ba lokacinta ba. Iyaye suka cika bakin makaranta, kowa yana fizgar nasa. Aka ce gari ya rikice. Na jefa sabon alli a aljihu, na kama hanya a ƙafa. Babu ɗan acaɓa ko ɗaya.

Sha ɗaya da kwata na shiga layinmu. Hayaƙi ya tashi wuri biyu ta wajen titin gidan zu. Ana ta jan ƙofofin shaguna. Can bayan wannan ƙarar akwai wata: ƙafafu masu yawa suna gudu, kuma ba gudun tsoro ba ne.

Wanda bai gani ba zai yi mamaki, amma rubutu na tarar mutane suna yi. Labari ya zo cewa ana tsallake ƙofar da aka rubuta wa "Gidan Musulmi ne". Mai shayin layinmu ya rubuta da gawayi. Direban ɗakin ƙarshe ya tsoma yatsa a baƙin mai. Na ga rubutunsu. Allah ya yafe mini, har kurakuransu na gani.

Na ciro alli. Sai ga Saratu ta dawo daga ofis, takalmi a hannu. Da risho take girki, ba ta da gawayi. Ta miƙo hannu.

"Malam, alli!"

"Bari in gama."

Kalma uku ce. Ɗan aji uku zai rubuta su kafin a ƙirga goma. Ni sai da na fara jan layi. Harafin farko na kalma ta biyu ya karkace, na goge da hannun riga, na sake. Hannunta yana nan a miƙe, ina ganinsa ta gefen ido. Ta leƙa ɗaki ta ce wa Baba ya shige ƙarƙashin gado, Malam zai rubuta musu. Na ji ya ce, "To." Ta sa kwaɗo ta waje don a ɗauka ba kowa.

Ina ɗiga aya 'yan tarzoma suka karyo kwana. Sha ɗaya da rabi.

"Ku fito da su!"

"Kawo fetur!"

Dutse ya faɗo kan kwano. Mai shayi ya finciki Saratu tana turjewa, ya ja ta lungun baya. Ni na shiga ɗaki. Ɗakina. Na ɗauki jakar leda, na dira ta taga.

A lungu na cim ma ta. Muka bi gefen kwata, muka tsallake titi a sunkuye. A Babban Giji muka laɓe bayan tulin bulo har wata tawaga ta wuce. Sha biyu da minti ashirin muka shiga gidan yayata Hajara a Daurawa. Yaya ba ta tambayi komai ba. Ta zura mata hijabi, ta zaunar da ita cikin mata, ta sa mata faranti a cinya ta ce, "Tsinci shinkafar nan. Sunanki Hauwa."

Saratu ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta ɗago ta dube ni.

"Ka rubuta?"

Allin yana hannuna, gumi ya jiƙa shi. Ta gani. Ta ci gaba da tsinta.

Bayan la'asar motar sojoji ta tsaya a bakin titi, aka kai ta bariki.

Sai kwana na uku na koma. Ɗaki shida, rufi ɗaya. Wutar da aka sa wa nata ba ta tsaya karanta ƙofar kowa ba. Tawa ta ƙarfe ce, rubutun yana nan, kowane harafi a tsaye. An samu Baba inda aka ce ya kwanta. Saratu ta tafi da gawarsa gida, ba ta sake dawowa Kano ba.

Littafin ya fito bayan shekara tara, da gabatarwar da ta buga. Yanzu idan za a raba kyaututtuka a makarantu, ni ake kira in gaya wa yara kada su saki burinsu. Ina ba su labarin maɗaba'a uku da suka ƙi ni, da gobarar da na tsamo littafin daga cikinta. Suna tafi sosai. Ban taɓa kawo maganar hannun da Saratu ta miƙo ba.

Har yau, idan yara biyu suka fito gaban allo, karya alli nake yi in ba kowa rabi. Shekara goma sha ɗaya ina yin haka kafin wannan rana. Ba ya cin daƙiƙa ɗaya.