Sunan Ɗan Fari a Ainu Shams

Shekarun baya, bayan 'yan bindiga sun ƙone garinmu, ƙafa ta kawo ni Alƙahira ta hanyar Sudan. Ba ni da takardar zama. Duk ɗan sandan da na hango a tashar jirgin metro sai in sauya hanya, don in aka kama ni gida za a mayar da ni, gidan kuwa ya zama toka.

Wata maƙwabciyata ta kai ni wani ofishi a unguwar Ainu Shams, inda lauyoyi ke taimakon masu neman mafaka kyauta. Lauyata Bamisriya ce, tafintarmu Bahaushiyar Sudan. Suka ce mu gwada tambayoyin da za a yi mini ranar tantancewa a hukumar 'yan gudun hijira. Na yi dariya. Ni da yaran unguwa ke kwana a gindin tatsuniyata? Ban taɓa shiga aji ba, amma magana ba a koya mini.

Na zubo labari tiryan-tiryan, har muka zo kan wanda aka harbe mini a ƙofar gida.

Lauyar ta ce, "Ya Hajja, sunansa?"

Na ce, "Yaron nan."

Tafinta ta ce, "Inna, suna take so."

"Ke 'yar nan, a garinku uwa na kiran sunan ɗan fari?"

Ta yi wa lauyar bayanin alkunya. Lauyar ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, amma uwar da ta kasa faɗin sunan ɗanta, masu tantancewa ƙarya za su ɗauka, su rufe maganar.

Tun ran suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Rana tsaka ce, fanka na juyawa. Na runtse ido, na faɗa.

Daga bayan ƙofa aka ce, "Na'am."

Muryarsa ce, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Biro ya suɓuce daga hannun lauyar. Tafinta ta buɗe ƙofar: kujeru kawai, kowa ya tafi azahar.

Ranar tantancewa na sake faɗa, amma sai da na toshe kunnuwana da mayafi. Aka ba ni katin kariya na masu mafaka, khalas, magana ta ƙare.

Yau ba kunya ke hana ni kiransa ba. Tsoro nake kada in kira, in ji shiru.