Ruwan Siminti a Gindin Ɓauren Kakata

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama lise, wato sakandare, ba, ina zaune a gidanmu a Tamanrasset, kuma duk unguwa an san ni da rashin ɓoye magana. A tsakar gidanmu akwai wani ɓaure da kakata ta dasa tun ba a haife ni ba, daga reshen da aka kawo mata daga lambunan Hirafok. Da ruwan alwala da na wankin shinkafa ta rene shi har ya rufe rabin gidan. A garin nan ba a watsar da ruwa a banza, duk wanda aka gama amfani da shi gindin itace ake kai shi. Idanun Kaka sun yi rauni, ba ta fita, a inuwar ɓauren take wuni.

Da babana ya tashi ƙara ɗakuna, sai ya ba wani magini abokinsa aikin, mutumin Damagaram kamar mu, wanda muke ce wa Kawu, baban kuma ya tafi Agadas sayen kaya. Kawu da mutanensa ba mugaye ba ne, tarbiyyarmu ɗaya. Shi ya sa in sun tashi aiki suka wanke baro da shebur da bokitan kwaɓa, ba sa iya zubar da ruwan a titi, sai su juye shi a gindin ɓauren. Har su ce wa Kaka sun shayar mata da ɗanta, ita kuma tana ta sa musu albarka.

Da na ga ƙasar wurin ta yi fari ta fara daskarewa, ban tsaya neman dabara ba. A gaban ma'aikatansa na ce wa Kawu kashe itacen suke yi. Ya yi dariya, ya ce tun ban iya fyace majina ba yake gini, ko a makarantar lekkol ne aka koya mini itace yana gudun ruwa. Daga ranar suka sa mini suna injiniya, in na wuce sai su tambaye ni ko na ba su izinin ɗora bulo. Inna ta ja ni ɗaki ta ce wallahi sai na ba shi haƙuri, sa'an ubana ne. Na kira baba a waya, ya ce in bar manya su yi aikinsu. Na kewaye gindin da tsohon kwanon rufi, washegari suka cire shi suka rufe yashi da shi. Kaka ma da kanta ta ce in daina tsiwa, ruwa ai ruwa ne.

Haka na zura ido. Ganye ya yi rawaya, 'ya'yan suka zube ɗanyu. Wata rana ganye yana faɗo wa Kaka a cinya, ta shafa shi, ta tambaye ni ko sanyi ne ya shigo da wuri bana. Na ɗauki tsintsiya na share ganyen. Da aka gama gini na ɗauko diga na sari wurin, ya zama kamar dakali, saiwoyin da ke ƙasa sun yi baƙi. Na kwashe abin da na iya, na zuba taki, na yi ta ban ruwa, ko toho bai yi ba. Baba ya dawo, Kawu ya ce kwanan itacen ne ya ƙare, aka ce Allah ya mayar da alheri, aka sare shi. Kaka ta koma ɗaki. Ba ta taɓa zargin kowa ba, amma ba ta ƙara cewa a fito mata da tabarma ba.

Abin da na koya shi ne, in magina suka riga suka shigo gida, maganar yarinya ba ta da nauyi ko da gaskiya ce. Don Allah duk mai itace a gida, tun ba a sauke buhun siminti na farko ba, mai gida da bakinsa ya nuna musu inda za su zuba ruwan wanki, ya katange gindin. Ɗaki ana gina shi a wata guda. Tsohuwa kuwa ba ta da shekarun jiran wata inuwar.