Tafiyar Rogo Ba Tare da Yaya Tela Ba

A zamanin Turawa, mu samarin Karaye masu keke ba mu da yawa. Duk Alhamis bayan la'asar mukan haɗu a shagon wani tela da muke kira Yaya Tela mu tsara tafiyar motsa jiki ta Lahadi. Shi ya koya wa yawancinmu hawa, shi ke zaɓar hanya, shi ke shiga gaba.

Wata Alhamis da kaka muka zauna kan tafiyar Rogo. Ya zana hanyar a ƙasa da tsinke, ya nuna mana inda yashi ke riƙe taya da kwanar da motocin gyaɗa ke ɓullowa. Sannan ya ce, "Wannan karon ku tafi ba ni."

Na ce, "Yaya, lafiya dai?"

"Idona ne. Jiya saura kaɗan in banke wata tsohuwa, ban gan ta ba sai da ta yi salati."



Ranar Lahadi ni aka tura gaba. Har muka shiga Rogo ina ta waiwaye, ba wanda ya tsokani wani da tsere. Kafin damina ta faɗi, sai da murya Yaya Tela yake gane mu.