Barmo, Me Ka Je Nema a Kan Dutse?

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma, kowa daga inda kiran ya same shi. Kai, Kawu Barmo, kiran ya same ka ranar Lahadi, goma sha biyu ga Fabrairu, 2017, bayan azahar kaɗan. Kana zaune ne a kan wata kujera mai rataye a igiyar ƙarfe, tana hawa da kai kan wani dutse a yankin Catskills, tafiyar awa uku daga Harlem. Likita ya ce zuciya ce. Mutumin da ke zaune kusa da kai ya ce kana cikin yi masa hira ka yi shiru, shi ya zaci kallo ya ɗauke maka hankali. Da kujerar ta kai ƙoli kowa ya miƙe ya sauka, kai ba ka miƙe ba. Shekarunka hamsin da huɗu. Ranar Laraba muka yi maka sallah a masallacinmu na titin 116, muka raka ka makwancinka a New Jersey.

Na jera wannan daki-daki ne domin labarin bai zo mana a jere ba. 'Yan sanda sun kira gidanka, matarka Zeinabou ba ta gane Turancinsu ba, ta miƙa wa 'yarka Firdaoussi waya. Yarinyar ta ji, ta faɗa wa uwarta, uwar ta kira Alhaji Abdulai, dattijon masallacinmu mutumin Kumasi, tana kuka tana cewa Barmo ya rasu a dutse. Alhaji ya aika saƙon murya gida Tasawa da wannan kalmar yadda ya ji ta. Kafin gari ya waye ƙanenka Ishawu ya shiga mota, ya ƙetare iyaka ta Daura, ya nufi Dutse ta Jigawa ɗauko gawa, yana ta mamakin yaushe ka baro Amurka ba ka biyo gida ba. Sai da ya kai Kazaure aka same shi a waya aka ce ya juyo.

Da muka so gyarawa sai muka ƙara dagulawa. Wani ya ce musu ai wurin zamiya ne, labari ya zama ka zame ka faɗo daga kan dutse. Wani ya ce ƙanƙara ce a wurin, labari ya zama ruwan ƙanƙara ya rutsa da kai a daji. Cikin kwana biyu mahaifiyarka, Inna Zinariya, ta ji mutuwarka iri uku. Daga nan ta sa aka naɗe tabarmin ƙofar gida. Ta ce ba ta amsar gaisuwar kowa sai an gaya mata gaskiya. Tsohuwa mai shekara tamanin, ta shiga ɗaki, abinci sai an yi da gaske. Tambayarta guda ce, kuma ni aka aiko wa ita, don an san teburin sana'ata na manne da naka shekara shida: «Mi ya tahi biɗa bisa dutsi?»

Kawu, ban san amsa ba. Abin da ya fi damuna ke nan. Na ɗauka na san ka.

Na san mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi a watan Disamba na 2010, ina sanye da 'yar shara da takalmi sau-ciki. Ka dube ni sama da ƙasa ba ka yi dariya ba, ka buɗe jaka ka fito da riga mai kauri da hula da safar hannu, ka ce, «Mumini, sanyin garin nan ba ya jin magiya, sai dai shiri.» Na san mutumin da ya raba teburinsa biyu a titin 125 ya ba ni rabi, har Allah Ya sa na samu nawa. Damina laima, bazara tabarau, hunturu hula da safar hannu da mayafin wuya. Kana da kwali guda a ƙarƙashin tebur na safar hannu marasa 'yan'uwa, waɗanda ɗaya ta ɓata. Duk wanda ya wuce hannunsa tsirara yana busa shi da baki, sai ka kira shi ka haɗa masa biyu, ko da ɗaya ja ce ɗaya baƙa. Akwai lokacin da in ka ga mutum a Harlem da safar hannu kala biyu, ba sai ka tambayi inda ya samo ba.

Na san kuma mutumin da, duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, kafin ladan ya iso ya riga ya share ƙofar masallaci ya barbaɗa gishiri. Kai ka koya wa Hajiya Fauzia, mai aikin jinyar tsofaffi, yadda ake tafiya a kan santsi bayan ta karye a wuyan hannu: a sassauta gwiwa, a ɗan sunkuya gaba, in faɗuwa ta zo a ba ta gefe, kada a tare ta da hannu. Kakan ɗebi dusar a tafin hannu ka murza, ka ce wannan busasshiya ce, wancan mai nauyi ce, gobe za ta daskare. Mukan yi maka tsiya mu ce mutumin Tasawa ya zama malamin ƙanƙara. Ba wanda ya taɓa cewa, to, a ina ka koya?

Mun san duk Lahadin hunturu ba ka buɗe tebur. In an tambaya kakan ce, «Na tahi dutsi.» Mun san asalin abin: akwai motocin bas da ke kwasar masu yawon buɗe ido da sassafe daga tsakiyar gari zuwa duwatsu, ka fara da sayar musu da safar hannu a bakin mota, har wata rana direba ya ce ka shigo. Sai muka ɗauka kasuwa ce kake bi. Ba ka taɓa ce mana kasuwa ba ce. Mu muka faɗa wa kanmu.

Ranar jana'izarka muka fara gane ba haka ba ne. Mutum goma sha ɗaya suka zo, Turawa da baƙaƙe da wani ɗan Koriya, suka tsaya a waje cikin sanyi har aka idar. Fuskokinsu duk iri guda, kunci a ƙone, kewayen ido fari. Sai a lokacin na tuna kai ma haka fuskarka take yi a ƙarshen hunturu, na sha gani ban kawo komai ba. Sun kawo kayanka: takalma masu nauyi kamar turmi, sanduna biyu, hular kwano, da wasu dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, abin da suke kira ski. Wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe hannun Zeinabou tana hawaye, ta ce shekara tara kuna hawa tare, kuma ba ta taɓa ganin mai saukowa da natsuwa irinka ba. Zeinabou ta juyo ta dube ni. Daga baya ta ce mini, «Ni dai na san ran Lahadi yana dawowa da yunwa da fara'a. Ban tambaya ba.»

A cikin jakar akwai taswirori, sun fi ashirin, kowace ta dutse daban. Na Catskills, na Adirondack, na Vermont, har da guda biyu na Colorado, can inda ka je a 2014 muka ɗauka wurin wani abokinka ne kawai. Kowace taswira hoton dutse ne da layuka suna gangarowa, kore da shuɗi da baƙi. Turancin ban iya ba, amma a gefen layukan akwai rubutun ajami da hannunka, shi na karanta. Ka raɗa wa hanyoyin sunaye. Wata ka rubuta «ta tsofaffi». Wata «mai daɗi da safe». Wata «nan na faɗi sau huɗu». Wata baƙa ƙirin, a can gefe, ka rubuta «tukuna». Na daɗe riƙe da wannan takardar, Kawu. Na nemi inda ka rubuta dalili, ban gani ba.

Alhaji Abdulai ya kira ni gefe bayan la'asar ranar Alhamis. Ya ce, «Ɗana, tsohuwa ce. Ka ce mata neman halal ya je, kaya ya kai. Ka so a ce a Tasawa magidanci mai furfura ya mutu wurin wasa?» Ba mugunta ba ce, Allah Ya sani, sutura yake nema maka. Na tambayi Zeinabou ko kana tafiya da kaya, ta ce rabonka da ɗaukar ko safa guda zuwa can an fi shekara shida. To yaya zan yi? Matar da aka riga aka ba mutuwar ɗanta kala uku, ni kuma in ƙara mata ta huɗu, da gangan? Na ce wa Alhaji ya ba ni kwana biyu.

Ranar Asabar na rufe tebur na shiga bas ɗin nan. Firdaoussi ce ta raka ni, da izinin uwarta. A hanya ta gaya mini, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, cewa tun tana shekara tara kake zuwa da ita jefi-jefi, kuma ita ba ta san abin ɓoyewa ba ne, ba a dai taɓa tambayarta ba.

Na je na zuba ido, kamar yadda ka koya mini in zuba wa titi ido kafin in san abin da zan kasa. Ga gidajen katako, ga wurin hayar takalma, ga wurin shayi cike maƙil. Mutane suna tafiya cikin takalman nan kamar an yi musu dabaibayi. Suna bin layi a hankali, su hau kujera, ta kai su sama, su gangaro, su sake shiga layi. Wani mai jar hula na ƙirga masa sau tara kafin azahar. Bai hau da komai ba, bai sauko da komai ba. Na ce wataƙila abin yana can sama.

Dattijon da ke kula da kujerun ya san Firdaoussi. Da ya ji ko ni wane ne, ya bar ni in hau haka nan da takalmina, ya ce in dawo a kujerar. Ya kuma nuna mini bayan wata 'yar rumfa, inda ya ce kakan ture dusar da ƙafa ka shimfiɗa riga ka yi sallah, har ma'aikata sun saba ba sa ajiye kaya a wurin. Na hau ina riƙe da ƙarfe da hannu biyu, ƙafafuna suna reto, itatuwa suna wucewa ta ƙarƙashina. A ƙoli babu kasuwa, babu rijiya, babu kabarin kowa. Iska ce kawai da fili. Amma fili ne na gaske, Kawu, ido yana tafiya har ya gaji bai ci karo da bene ba, abin da rabona da shi tun gonakin gida. Na ce ko wannan ne. Sai kuma na ga ba mai tsayawa kallonsa fiye da minti ɗaya. Firdaoussi, da ta hau tare da ni da alluna a ƙafa, ta gyara hularta ta ce in duba. Ta tura kanta ta tafi, tana karkata dama tana karkata hagu, har ta zama ɗigo. Can ƙasa na jiyo ta yi wata ƙara, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

A nan tsaye na kira Ishawu na ce ya kai wa Inna waya. Na gaishe ta, ba ta amsa gaisuwar ba, ta ce, «Mumini, ka gano?»

Na ce, «Inna, ga ni a wurin. Bai faɗo ba, ba abin da ya buge shi. A zaune ya cika, bayan ya yi azahar. Amma ba kasuwa ya zo ba. Ba neman komai ya zo ba. Tudu ne babba mai santsi, ana hawa, a sulalo ƙasa, a sake hawa. Shi ke nan. Ni ma ban gane ba.»

Ta ce, «A sulalo? Bisa mi?»

Na ce a kan wasu alluna.

Sai na ji wani sauti da ban taɓa zaton zan ji a wannan makon ba. Inna tana dariya. Dariya ƙasa-ƙasa, mai haɗe da tari. Ta ce, «Ɗan banza! Ashe bai bari ba.» Ta ce kana shekara bakwai akwai wani tudun rairayi a bakin ƙorama bayan gari, ba wandon da ba ka kashe ba a kansa. Da ta hana ka wando, ka saci buzun sallar mahaifinka ka je ka yi ta sulu a kai har gashin ya ƙare, ka dawo da shi fes kamar fatar ganga ka mayar inda yake. Ta ce ranar ta yi maka dukan da hannunta ya kwana yana ciwo, kana kuka kana ce mata, Inna, ki zo ki gwada sau ɗaya. Daga nan dariyar ta juye, ta yi kukanta sosai, na tsaya riƙe da waya cikin iska har ta gama. Da ta natsu na ji ta ɗaga murya tana cewa, «Ishawu, a shimfiɗa tabarmi.» Washegari aka yi sadakar bakwai, ta zauna ta amshi gaisuwa tun safe har yamma.

Har yau, Kawu, ban gane abin da ke cikin hawa don a sauko ba, kuma ina jin kunyar shekara shida ina gefenka ban tambaye ka ba. Abin da na shaida shi ne ba ka taɓa barin hannun wani a cikin sanyi ba kana da abin rufe shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zinariya, ga Zeinabou da Firdaoussi, ga Ishawu da dukan dangi a Tasawa, ga Alhaji Abdulai da jama'ar masallacinmu, da abokan sana'a na titin 125, da mutanen nan goma sha ɗaya da ban san sunayensu ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka, Ya raya abin da ka bari a kan alheri. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Kafin Inna ta ajiye waya ta ba ni saƙo. Ta ce tunda ni nake kusa da kabarinka, in je in gaya maka ta yafe buzun. Na je jiya na faɗa. Allah Ya yafe maka sauran.

Abdulmumini, Harlem