Ranar da Na Kai Inna Kano Kallon Baba

Mun tashi da asuba daga Fagam, ni da kakata da muke kira Inna, kowa a bayan ɗan acaɓa. Ku da kuka dame ni da tambayar me ya kai ni Kano ba aure ba suna, ga amsarku, ku karanta ku bar ni in huta.

Bara da rani wasu masu shirya fim sun zo garinmu, suka yi kwana huɗu suna bin kakana, Baba, da kyamara. Sana'arsa amya. Ya saƙa ta da ciyawa, ya shafe ta, ya turara, ya ɗora a kan bishiya ƙudan zuma su shiga. Suka gama suka tafi, mu ma muka manta. Da damina Allah ya yi wa Baba rasuwa. Hotonsa ɗaya ne a gidan, na jikin katin zaɓe, shi ma ya fito kamar wanda aka kama da akuyar wani. Sai makon jiya matar da ta jagoranci aikin ta kira ni, ta ce za a nuna fim ɗin a bikin fina-finai a Kano, ranar Asabar ƙarfe uku, sau ɗaya tak. Na ce ta turo min ta waya. Ta ce ba dama sai ya gama zagaya wasu bukukuwan, wataƙila shekara, wataƙila biyu. Inna kuwa ta wuce shekarun da za a ce mata ta jira baɗi. Da na faɗa mata sai na ga ta ciro zanenta na ƙasan akwati ta shanya.

Hanyar zuwa Gwaram lafiya lau, sai ramukan da damina ta bari. An yanke gero an jingina, dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai. A tasha muka samu bas saura mutum uku. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kwandasta ya ce mai ne ya tashi, na ce ai ku ko mai ya sauka ba kwa saukowa. Inna ta zungure ni. A cinyarta akwai kwalbar zuma ɗaure cikin ɗankwali, ta ƙarshe da aka ɗebo daga amyar da Baba ya ɗora da hannunsa. Ta ce ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana.

Ƙarfe tara muna Birnin Kudu. Na lissafa, na ga ko motar Kano ta yi nawa za mu isa kafin azahar, har mu ci abinci mu miƙe ƙafa. A nan Inna ta ce ƙanwarta tana garin, surukarta ta haihu, ba za ta wuce ta ƙofar gida ba ta yi barka ba. Na ce mu yi a dawowa. Ta ce wa ya ba ni tabbacin dawowa? Na ce minti goma. Ta ce to.

Ku da kuke da tsofaffi kun san minti goman nan. An yi gaisuwa, an sake gaisuwa, an kawo jaririya, an yi musun wa ta ɗebo. Sannan aka tuna ba a ga Inna ba tun da ta fita takaba, aka sabunta ta'aziyya, maƙwabta suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo kunun kanwa, aka ce ga ɗanwake a wuta, tashi a bar shi kuwa rashin mutunci ne. Ɗanwaken ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, da man gyaɗa da yaji mai tafarnuwa, amma a tsaye na ci ina kallon waya. Ƙanwar Inna ta ce wannan jikar taki kamar an ɗora ta a kan garwashi. Sha ɗaya da rabi muka fito. Motar da na gani tana cika ta daɗe da tafiya, wadda ke layi kuwa mu ne na huɗu da na biyar a ciki.

Ba mu tashi ba sai sha biyu da rabi. Ban yi wa Inna magana ba har Wudil. Titin mai kyau ne, direban ma ba laifi, amma a Wudil ya tsaya salla, kuma wa zai ce masa kada ya tsaya? Masu soyayyen kifi suka yanyame tagogi. Inna ta yi cinikin kifi a natse, ta taya, ta fasa, ta sake tayawa, kamar Kano ce za ta zo ta same mu. Kogin Wudil ya cika, jirage biyu na masunta suna tsakiya. Da wata rana ce da na tsaya kallo.

Kano ta karɓe mu da cunkoso. Mai adaidaita sahun da muka hau ya ce bai san wani bikin fim ba, amma ya san zauren, wai kullum da abin da ake yi a can. Gaskiyarsa. A bakin ƙofa akwai allo mai tsawo da aka jera shirye-shiryen shekara: watan nan fina-finai, na gaba baje kolin littattafai, sai na girke-girke, sai wasan kwaikwayo, sai gasar waƙa ta ɗalibai. Mu a gida shekara salla biyu ce sai kaka da bukukuwan aure. Su nan har hutawa sai an sa mata rana. Ruwan gora kuwa da kuɗinsa za ka sayi kwanon fura har biyu a Gwaram.

Uku da kwata muka iso. An rufe ƙofa, mai gadi ya ce an fara, kuma ba a shiga da abinci ko abin sha, ya nuna kwalbar Inna da ledar kifinta. Na buɗe baki na fara zazzaga masa, daga Fagam muke, tun asuba, kakana ne a ciki. Ya ce doka ce. Inna ta ja ni baya, ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi garinsu. Ashe mahaifiyarsa 'yar Basirka ce. Ni ina ji kamar in fashe, su suna lissafo dangi. Kafin minti uku ya karɓi kifin ya ajiye mana a ƙarƙashin kujerarsa, ya ce zuma ai magani ce ba abinci ba, ya buɗe ƙofa da kansa, har da haska mana hanya.

Ciki duhu, da sanyin na'ura kamar a randa. Allah ya taimake mu, gajerun fina-finai uku aka haɗa, namu ne na biyu. Na farkon na kan masu facin taya, mun tarar da ƙarshensa. Sai allo ya yi haske, ga dutsen bayan garinmu, ga tsamiyar gonarmu. Ga Baba zaune a kan buzu da ciyawa a hannu, kansa ya kai girman ƙofar zaure, hularsa a karkace yadda ya saba. Ya yi gyaran muryar nan tasa sau biyu, ya ce ƙudan zuma ba ya zama a gidan mai faɗa. Mutane suka yi dariya.

Na juya in ga fuskar Inna. Ta ja mayafi ta rufe ido, ta sunkuyar da kai ƙasa.

Na ce, "Inna, ki ɗago mana, ga shi can. Minti goma sha biyu ne fa duka."

Ba ta ɗago ba. Na sake zungurarta, na ce duk wahalar nan da muka sha, ƙasa za ki kalla?

Ta ce a hankali, "Shekara hamsin ban kalli idonsa a gaban mutane ba, yau zan fara a gaban Kanawa? Yi min shiru, ina ji."

Na mayar da idona kan allo. Baba yana bayanin yadda ake turara amya, yana tari, yana kiran wani ya miƙo masa igiya. Can daga bayan katanga aka ji muryar mace tana cewa a gaya wa Malam furarsa tana jira. Muryar Inna ce. Baba ya kalli kyamara ya yi murmushi, ya ce uwar gida ta yi kira, aiki ya tashi. Na ji kafaɗar Inna tana rawa a jikin tawa, ban san dariya ce ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Da aka kunna fitilu matar da ta kira ni ta zo ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta kwance ɗankwali ta miƙa mata kwalbar, ta ce daga hannun mai ita. Aka ce ta hau dandamali ta yi magana, ta ce a'a, wanda ya iya magana ya riga ya yi.

Mun kwana gidan wata 'yar uwarmu, da safe muka kamo hanya. A Birnin Kudu ni da kaina na ce mu sauka, Inna ta faɗa wa ƙanwarta. Ta ba ta labarin fim ɗin tun daga gyaran murya har fura, kalma ba ta ɓata ba. Ni da na zuba ido ban riƙe rabinsa ba. La'asar muka shiga Fagam.

Abin da na koyo kaɗan ne. Idan za ku irin wannan taro ku tashi da wuri, domin ƙarfe ukunsu ƙarfe uku ne. Ku gaida mai gadi kafin ku yi masa faɗa. Kuma idan kun ɗauki tsohuwa, kada ku ɗauka kun san abin da ta je nema. Ni na kai ta kallo, har ina jin haushin ta ɓata min lokaci. Jiya da hantsi ina shara na ji ta a ɗaki ita kaɗai, ta yi gyaran murya sau biyu irin nasa, sannan ta yi dariya.