Yamma da Misfala

Inna ba ta san kudu da arewa ba, ko kuma ta sani ta baro su a ƙauyensu ranar da ta taho Hajji ta ƙi komawa. A ɗakinmu na unguwar Misfala a Makka kusurwa ɗaya ce mai suna, ita ce gabas, kuma gabas a wajen Inna shi ne duk inda Harami yake. Daga unguwarmu Harami yana arewa, amma wa ya isa ya gaya mata? In alhazan ƙasarmu suka ɓata hanya suka tsaya gaban tukunyar tuwonta suna tambaya, sai ta ce, "Ku miƙe gabas." Bayin Allah su ɗaga kai su dubi rana su kama wata hanya daban, ita kuwa ta bi su da faɗa, ludayi a hannu: "Kai, alhaji! Ina za ka? Gabas na ce maka!"

Mu biyu ta haifa a Makka, Yaya, wato babbar 'yar'uwata, da ni, babanmu kuwa ya rasu tun ina rarrafe. Larabci ya fi zama a bakinmu. Hausarmu ta cikin ɗaki ce, ta abinci da aike da faɗa. Mun tashi mun san gabas ita ce alƙibla, yamma kuwa lokaci ne, bayan la'asar, sa'ad da ake ɗora tukunya. Ban taɓa sanin yamma waje ne da mutum zai iya nufa ba sai da aka kore ni.

Ba mu da iƙama, takardar zama, ko ɗayanmu. Bayan wani aikin Hajji ina cikin masu naɗe shimfiɗu a tantunan Mina, na tsinci wata jakar goyo da wani alhaji ya yar, baƙa, maɗaurinta ɗaya ya tsinke. Na ɗaure shi da igiyar tanti na goya. Tana bayana aka tare motarmu a hanyar komawa gida. Aka ɗauki zanen yatsuna, aka tsare ni, aka tambaye ni ƙasar uwata, daga nan aka sa ni a jirgi zuwa Kano. Jami'in da ya raka mu ya ce mini in yi murna zan koma ƙasarmu. Ƙasar wa? Ni da ban taɓa wuce Jidda ba! Ko sallama ban yi da Inna ba, ta aike ni ne in sayo mata omo in na taso.

A Kano na sha dariya har na gode Allah. Da na buɗe baki sai a ce, "Ɗan Makka, sake faɗa mu ji." Wata rana na tambayi mai shayi inda tashar mota take, ya ce tana yamma. Na ce, "Sai da yamma ake buɗe ta?" Har mai cin burodi sai da ya ƙware. Mai shayin ya share hawaye ya kama kafaɗata ya juya ni, ya nuna mini inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa kamar mai koya wa ɗan shekara uku. Na ji haushi ƙwarai, amma na riƙe.

Ina dako a kasuwa Yaya ta kira ta ce ƙafafun Inna sun kumbura, jini ya hau, ta daina fita da tuwo. Asibiti kuwa ba ya shiguwa ga wanda ba shi da takarda, sai dai ƙwayoyin kantin magani. Na nemi bizar Umara, aka ce yatsuna sun riga sun rufe mini wannan ƙofar. Wani tsoho da muke sallah tare ya ce tun kafin jirgin sama a ƙafa ake zuwa, ta Chadi, ta Sudan, har wani tsibiri da ake kira Sawakin, daga nan a tsallaka ruwa. A wancan lokacin, yaƙi bai cinye Sudan ba tukuna. Na zuba kaya kala biyu a jakar da bargo da buta, sannan na sayi daddawa ƙulli guda, saboda Inna kullum ƙorafinta shi ne daddawar da ke isowa Makka ta mutu a hanya, ba ta da wari.

Tawa kam ba ta mutu ba. Daga Maiduguri zuwa Abeshe babu motar da na shiga ba a zage ni ba. A saman wata akori-kura wata mata ta rantse akwai mushen ɓera a kayan wani, kowa ya shiga bincike, ni ma na taya su.

Tsakanin Chadi da Sudan wani busasshen rafi ne, yashi kawai da sawun jakuna. Mota ta sauke mu a wannan gaɓar, muka taka zuwa waccan, inda wani soja ke zaune a inuwar buhuna da aka ɗinka aka yi rumfa. Ya karɓi takardata ya ga Najeriya. Ya yi mini tambaya na amsa da Larabcin Hijaz, ya ɗago kai. Ya zuge jakar, warin ya buge shi, ya ja da baya yana toshe hanci.

"Takardarka ta ce Najeriya, bakinka ya ce Makka, jakarka kuma ban san me ta ce ba. Kai ɗan ina ne?"

Na dubi takardar, na dubi jakar. Ya sa ni na zauna a rana, mutanen da muka taho tare suka wuce ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya waiwayo. Sai da inuwar rumfar ta juya sannan ya dawo kaina ya ce me ke kai ni. Na ce uwata ce ba lafiya. Ya jefo mini takardar, ya ce in ɗauke wannan masifar daga gabansa in tafi.

Sudan ƙasa ce da ba ta ƙarewa. Na hau saman buhunan albasa, na hau saman gawayi, na tsaya a garuruwa na yi dako don in samu kuɗin motar gaba. Igiyar tantin nan ta ci kafaɗata har ta yi kanta. Duk inda na sauka ina samun Hausawa, jikokin waɗanda suka taso Hajji a ƙafa ƙarfinsu ya ƙare a hanya, kowa da gidansa da gonarsa. Suna ba ni ruwa da wurin kwana, amma ganinsu yana tsorata ni, don kakanninsu ma da niyyar wucewa suka sauka.

Na zaci tsibiri wuri ne mai kore da inuwa, irin na hotunan kalanda. Kash! Sawakin kango ne. Gidajen da aka gina da dutsen teku duk sun rufta, sai maguna ke yawo a kai, ƙatti, ba sa tsoron kowa. Siririyar hanya ce ta haɗa tsibirin da gari. Ruwan kuwa shuɗi ne mai kyau, kana ganin kifi a ƙasansa, kyawun nan har haushi yake ba ni. Zafi da gumi ba a magana, riga ba ta bushewa a jikin mutum. Kusa da nan babban jirgin ruwa yake tashi zuwa Jidda da masu takarda, ina ganinsu suna hawa da akwatuna. Irina sai ƙaramin kwalekwalen masunta, a ɓoye, in mai shi ya ga dama.

Ranar da na iso na kira gida, Yaya ta kara wa Inna wayar ta koma wajen girki.

"Auta, kana ina yanzu?"

"Ina yamma da ku, Inna. Ruwa ne kawai tsakaninmu. In kika dubi inda rana take faɗuwa, to ni kike kallo."

Ta yi dariya har da tari. "Ja'iri, wa ya koya maka yamma?"

Na ce mata ina tafe da daddawar da ta kori fasinjoji a ƙasa uku. Ta ce in yi sauri, ta gaji da miyar da ba ta da uwa. Wannan ita ce hirarmu ta ƙarshe da ta yi daɗi.

Mai kwalekwalen da na samu kullum maganarsa gobe. Yau iska ta yi yawa, gobe masu sintiri sun fito, jibi injin ya ƙi. Na riƙa ɗaukar kwandunan kifi da safe, da rana in zauna a jikin wani rusasshen bango ina kallon ruwa, jakar a cinyata, maguna sun kewaye ni saboda ƙarnin jikina. Wata ya mutu, wani ya kama, ina nan. A cikin haka Yaya ta kira tana kuka ta ce ɓarin jikin Inna ya shanye, ba ta iya juyawa sai an juya ta, magana ma sai kalma ɗaya biyu. Na je na kama rigar mai kwalekwale na yi masa ihu, na zage shi, na dawo na roƙe shi har da durƙusawa. Ya ɓamɓare hannuna a hankali ya ce gobe in Allah ya so. Na tsani mutumin nan, na tsani ruwan nan, ban kuma iya iyo ba.

Ina cikin wanke kwando wata hantsi waya ta yi ƙara. Yaya ta ce, "Auta, sai haƙuri." An yi mata sallah a Harami bayan azahar, aka kai ta. Ni ina zaune a kango da sauran ɓawon kifi a hannuna. Ba a yi mako ba mai kwalekwale ya aiko wai in shirya, iska ta kwanta. Na shiga, don ban san wani wurin da zan nufa ba. Aka sauke mu a wani bakin gaɓa da babu kowa, na sha wahalar da ba na son tunawa kafin na shigo Makka a ƙarƙashin buhunan ciyawar dabbobi.

Da na tura ƙofar ɗakinmu sai ta daki wani abu ta tsaya, na shiga a karkace. Gadon Inna ne. Tun ina yaro yana jikin bangon da in ta kwanta take fuskantar Harami, yanzu an ja shi ya gitta ɗakin, ya tare rabin ƙofa, yana kallon bangon da babu ko taga. Bayan mun yi kukanmu mun gaji na tambayi Yaya wa ya yi wannan aikin.

Ta zauna a bakin gadon. Sannan ta ce tun da jikin Inna ya shanye, kullum da safe in ta gama shafe ta da ruwa, sai Inna ta kama hannunta ta ce, "Juya ni yamma." Ita kuma ta ce, "To Inna, da yamma zan juya ki." La'asar na yi sai ta zo ta juya ta ɗaya ɓarin, ta gyara mata matashi. Inna ta yi ta girgiza kai tana hawaye tana cewa yamma, yamma. Yaya ta nuna mata agogo ta ce ai yamman ce ta yi. Ta ɗauka ciwon ne ya taɓa mata hankali. Haka suka yi ta yi har ranar ƙarshe.

Sai a zaman makoki Yaya take ba wata tsohuwa 'yar garinsu Inna labari, tsohuwar ta dafe ƙirji ta ce, "Ke 'yar nan! Ina ƙanenki yake?" Ta kama hannun Yaya ta fito da ita ƙofar gida ta nuna mata inda rana take faɗuwa.

"Da mutane suka watse na ja gadon ni kaɗai," in ji Yaya. "Na san ba ta ciki. Na ja dai."

Na sauke jakar na zuge ta, warin ya cika ɗakin. Yaya ta ɗauki ƙullin ta riƙe a hannu, ba ta kai shi madafa ba, ba ta kuma ajiye ba.

Har yau a ɗakin nake, ba na nisa da unguwa, in na ji jiniya sai in shige lungu. Maƙwabta sun sha cewa mu mayar da gadon mazauninsa ko don ƙofa ta riƙa buɗewa. Kullum muna cewa to, kuma a karkace muke shiga.