Ta'aziyyar da muka kai wa sistoci

Shin mijin nan nawa ya sani tun farko, ko shi ma a ranar ya ji? Ya rasu bara, kuma har yau in na tuna sai hawaye da dariya su zo mini tare.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato ne, ruwan Kainji bai daɗe da cinye tsohon garinmu ba, muna zaune kusa da Wara. Mijina jirgi gare shi, yana su, yana kuma fito. Sai wasu mata biyu 'yan Katolika suka fara zuwa daga Yelwa, ɗaya Baturiya doguwa, ɗaya 'yar kudu gajeruwa mai faɗin fuska. Sistoci ake ce musu. Suna awon jarirai, suna allura, suna wanke gyambo, ranar Lahadi kuma su leƙa ƙananan coci-cocin ƙauyukan Kambari. Shi ke ƙetarar da su.

Da na fara ganin su sai na ƙura musu ido. Fari sama, fari ƙasa, kai a rufe, ba ɗan kunne, ba kwalli, ba lalle. Na ce, "Malam, matan nan ina mazansu?"

Yana ɗinkin taru, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Babu."

Na ce, "Wayyo! Takaba suke?"

Ya ce, "Ke kika gani da idonki."

Kafin la'asar na gama zagaye gidaje. Baƙi a ƙasarmu, cikin takaba, suna wanke mana 'ya'ya, ba wanda ya ce musu sannu? Abin kunya! Muka dama fura, muka zaɓi busasshen kifi mai kyau, muka tarar da su ƙarƙashin tsamiyar da suke rataye sikeli. Muka zube a tabarma muna "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan su." Wata tsohuwa har da kuka. Baturiya ta riƙe hannunta tana ta godiya. Muka dawo muna cewa kai, waɗannan akwai dauriya.

Ni na riƙa lissafin watanni. Da na ga kwanakin takaba sun cika, har sun wuce, su kuwa suna nan cikin farinsu, sai na ce ai ba su da dangin da za su fitar da su ne. To mu ne danginsu. Na kwaɓa lalle cikin ƙwarya, aka kawo kwalli, sabulu, turaren wuta, ni kuma na ciro atamfata mai jan fure da ban taɓa ɗaurawa ba. A ranar, sistocin suna can wani tsibiri. Malam da kansa ya loda mu a jirgi, har yana cewa, "Ku riƙe ƙwaryar nan da kyau."

Muka sauka da guɗa. Na kama hannun Baturiya na ce, "Yau sai wanka, kukan ya isa haka." 'Yar kudun, wadda ta fi jin Hausa, ta ce, "Inna, wane kuka?" Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta dube ni, ta dubi lallen, sai ta sulale ƙasa tana dariya har mayafinta ya karkace. Da ƙyar ta ce, "Ba mu taɓa aure ba! Mun ba Allah kanmu ne, farin nan kayan aikinmu ne."

Tsohuwar da ta yi kuka ta ce, "To ni wa na yi wa kuka?"

Aka kece. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Baturiya da ta gane, sai ta miƙo tafin hannunta ta ce a sa mata kaɗan. Da wannan hannun da ya sha lalle ta karɓi haihuwar autana daga baya. Na waiwaya bakin ruwa, ga Malam kwance cikin jirgi, ƙafafu sama, jirgin sai tangaɗi yake.

Shekara da shekaru ina tambayar sa, "Ka sani ko ba ka sani ba?" Kullum sai ya ce, "Ni kifi na sani."

Da ciwo ya kwantar da shi, wata safiya ina ba shi kunu a cokali, na ga numfashin ya sauya. Na ce, "Malam, don Allah kada ka tafi da maganar nan. Ka sani?"

Bakinsa ya motsa, dariyar na son fita ba ƙarfi. Ya ja gefen zanena, ya ce, "Ke dai in kwanakin sun cika ki sa lalle. Kada ki yi mini irin ta sistoci."